A Duba Kaya Tun Suna Can

Jama'a manoma, ga rani ya ƙarato, kowa ya fara lissafin injin ban ruwa da famfon feshi. Galibin waɗannan kaya ba a ƙasar nan a ke ƙera su ba. Fatakenmu ne ke zuwa ƙasar Sin, garuruwa irin su Guangzhou da Yiwu, waɗansu kuma Indiya, su yi ciniki da masu ma'aikatu, a ɗoro kayan a jirgin ruwa zuwa Ikko. To, abin da mu ke so mu faɗa yau shi ne, wurin gane nagari da na banza can ne a ma'aikatar, tun ba a rufe kwantena ba. In an bari sai inji ya iso bakin fadama, an makara.

Dattawa za su tuna zamanin da a ke kai auduga kasuwar auduga. Malami ya zazzage, ya duba, ya ce wannan lamba ɗaya ce, waccan lamba biyu, kuɗinsu kuwa ba ɗaya ba. Haka gyaɗa, ba ta hawa jirgi zuwa Ingila sai an duba ta. Har yanzu ma Turawa ba su saki wannan hali ba, don a shekarar 2015 suka hana shigar da waken Nijeriya ƙasashensu saboda maganin ƙwarin da suka samu a ciki ya wuce ƙa'ida. Su suna tsantseni da abin da za su saya. Mu me ya hana mu?

Yadda 'yan kasuwa masu hankali ke yi ba wuya. Da fari a karɓi samfur, a gwada shi, a rubuta sifarsa a takarda filla-filla: kaurin robar tankin, bakin feshin na tagulla ne ko na roba, injin inci nawa ne, ruwa nawa ya ke jawowa. A ajiye samfur ɗaya nan, ɗaya can. Kuɗi kuma ba a biya duka. Al'adar cinikin ita ce a ba da kamar kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, saura sai an gama aiki. Kafin a cika sauran nan sai a aika da mai duba kaya. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su SGS da Intertek da Bureau Veritas.

Mai duban ba ya buɗe kowane kwali. Akwai ƙa'idar da a ke bi: in famfo 1,000 ne, sai ya zaɓi 80 da hannunsa, daga sama da tsaka da can ƙuryar ɗaki, ba waɗanda mai ma'aikata ya jera masa a bakin ƙofa ba. Ya zuba ruwa, ya buga, ya ga ko yana yoyo. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, in ya sami biyar masu babban aibi a cikin 80 ɗin, kaya sun wuce. In sun kai shida, an ƙi su duka, sai an gyara. Mai ma'aikata kuwa zai gyara, don kuɗinsa na hannun wani.

Wani zai ce ai gwamnati na dubawa. I, tun 2005 hukumar SON ta kafa tsarin SONCAP, watau kayan da dokar ta shafa sai sun zo da takardar shaida daga ƙasar da aka yi su. Maganin ƙwari kuma sai NAFDAC ta yi masa rajista. Madalla da wannan. Amma fa takardar gwamnati ba ta san alkawarin da falke ya yi da mai ma'aikata ba, ba ta kuma tabbatar da cewa abin da ke cikin kwali na ɗari tara daidai ya ke da samfur.

Nan ne za mu ɗan taɓa fatakenmu. Ba kullum laifin na mutanen Sin ba ne. Ma'aikata ɗaya tana iya yin mai kyau da mai araha, abin da ka biya shi za a yi maka. Falken da ya ce a rage kaurin roba don ya kayar da abokan kasuwarsa, ya san abin da ya ke yi. Shi ya ci riba, manomin tumatir a Kadawa da injinsa ya mutu ana tsakiyar fure shi ya ɗauki hasara, ga bashin taki a wuyansa.

Saboda haka ƙungiyoyin manoma masu haɗa kuɗi su sayi kaya da yawa, kada su ji kunyar tambayar dila rahoton mai duba kaya, da ranar da aka yi duban, da sunan ma'aikatar. Su tambayi kuma ko ya shigo da kayan gyara tare da injin. Wanda ya ce ba shi da rahoto, to, a rubuta cewa zai musanya duk wanda ya lalace kafin ƙarshen rani, ya sa hannu gaban shaidu.