Lambara: Kafin a ƙawata falo, a fara haska madafa da zaure

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega bayan magariba, ya wuce Bodinga ya doshi Shagari, zai lura da yadda hasken dare ya sauya a garuruwan bakin titi irin su Lambara. Fitilar ƙwai ta kusa ɓacewa. Mai shayi da mai tsire sun rataya fitilu masu caji, farare fat. A wasu sababbin gidajen bulo kuma, idan an kawo wuta, ana hango ja da shuɗi na walƙiya ta tagar falo.

Sai dai akwai gyara a yadda ake raba hasken nan cikin gida. Kuɗin yana tafiya ɗakin da ba a cika zama ba, wuraren da ake dafa abinci da ci da tarbar baƙi suna cikin duhu.

A ƙasar Sakkwato, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba ya zaunuwa da yamma. Maigida da baƙinsa suna zaure ko ƙofar gida a kan tabarma, mata da yara suna tsakar gida. A nan ake ajiye tuwon dawa da miyar kuka, a nan ake dama fura. Al'adar ciyayya, wadda maƙwabta ke fito da kwanukansu bayan sallah a haɗu a ci tare, ba ta taɓa buƙatar falo ba. Abin da take buƙata shi ne mutum ya ga abin da ke cikin kwano, ya kuma ga fuskar wanda ke gabansa.

Maginan da sun san haka. Shi ya sa suke barin alkuki a jikin bango, ɗan gurbin da ake ɗora fitilar aci-bal-bal. Iska ba ta kashe ta, yaro ba ya ture ta, kuma hasken kan bugi bango ya dawo a tausashe, har zanen da aka yi wa ginin ya fito. Da aka koma bulo da siminti sai aka manta da alkuki, aka maye gurbinsa da ƙwan fitila guda a tsakiyar silin.

Wannan ƙwan guda ɗaya shi ne kuskure na farko. Idan aka rataya shi daidai saman tabarmar cin abinci, ƙwari ne za su fara amsa gayyata, musamman da damina lokacin shinge. Ƙwari sun fi bin farin haske mai ɗan shuɗi fiye da mai ruwan ɗorawa. A jikin kwalin fitilar LED ana rubuta lamba: 6500K ita ce fara fat, 2700K ko 3000K kuma mai ruwan ɗorawa. Ta biyun ta fi dacewa da wurin ci, domin ba ta kashe ido, kuma manja da naman miya na fitowa da kalarsu. Farar sai a kafa ta can gefe, kusa da katanga, ta janye ƙwarin daga kwano, ta kuma tona asirin kunamar da ke fitowa da bazara.

Babban abin takaici yana madafa. Gida nawa ne aka kashe wa falo kuɗin silin na zamani, amma uwargida na tuƙa tuwo da tocilan waya a baki, ko ta ɗora wa yarinya riƙon fitila har a sauke tukunya? Wuƙa, tafasasshen ruwa da garwashi duk suna nan, ga yara na kai-komo. Baƙo zai yaba abinci a zaure, bai san a duhu aka dafa shi ba.

Matashin da ke shirin aure zai ce falo ne mutuncin gida, nan dangin amarya za su duba ranar jere. Yana da gaskiyarsa, kuma son kyau ba laifi ba ne. Iyayen da suka jera tasoshi da kwanukan samira har saman bango su ma kyau suke nema. Amma jere kwana ɗaya ne, girki kullum ne. Ban da haka, fitilun adon falo sun dogara ga wutar kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wa Kaduna da Kebbi da Zamfara da Sakkwato, kuma mazauna karkara sun san yadda zuwanta yake. Janareto ma ya fi ƙarfin gidaje da dama tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Lissafin sola kuwa mai sauƙi ne. Ƙwai uku masu wat 5, ɗaya a madafa, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a zaure, idan suka yi awa huɗu a kunne, abin da suka sha bai wuce na ƙwai ɗaya mai wat 60 irin na da a awa guda ba. Ƙaramin faifan sola da batir mai kyau sun isa, kuma rana ba abin da Lambara ke nema ba ce.

Wanda gininsa bai kai linta ba yana da sauran dama. Ya ce wa magini ya bar alkuki a zaure da kuma gefen murhu, sama da inda hannun yaro zai kai, mai haɗa wuta ya ja waya zuwa can tun kafin a yi filasta. Wanda ya riga ya tare kuma, ƙusa ɗaya a bangon madafa da fitila mai caji sun ishe shi farawa a daren yau.