Karatun Gida: Wa Zai Zauna?

Masu cewa mu cire yara daga makarantar boko mu koyar da su a gida, ku zo Pumpumre da sassafe. Uba ya nufi SODECOTON, uwa ta ɗauki kaya sai kasuwar Garwa. Wa zai zauna ya koya wa yaro Faransanci har ya ci jarrabawar CEP? Malamin haya kuwa ba a sallamarsa da "Allah ya saka".

Gaskiya ajujuwa sun cika maƙil. An soke kuɗin firamare tun 2000, amma kuɗin ƙungiyar iyaye na nan. To, can faɗanmu yake: mu cika taron iyaye, mu nemi lissafi, mu nemi malamai. Talaka ya janye ɗansa, an gudu ba a tsira ba.