Shawarar Wata: Kafin ka saida gida, kira magini

Zancenmu na wannan wata a kan saida gida ne.

Bayan damina mutane da yawa suna saida gida. Wani bashi ya matsa masa, wani rabon gado ne, wani birni zai koma. Sau da yawa mai gida yakan kira dillali tun bai duba gidan ba. Mai saye ya zo, ya ga bango a tsage, sai ya karya kuɗi. Ko kuwa ya saya, ruwa ya sauka, ɗaki ya yi yoyo, a kai ƙara gaban maigari.

Don haka ka fara kiran magini. Kaka ce lokacin dubawa, don sawun ruwa bai ɓace ba tukuna. Ga abin da za ku duba tare:

1. Gindin bango. Nan ruwa ke fara ci. In ya zaizaye, a cike shi da laka mai ƙarfi.

2. Tsaga. Ƙarama, yaɓe ya ishe ta. Wadda ta taso daga ƙasa har sama, sai an rushe wurin an sake gini.

3. Azara. Ƙwanƙwasa ta da sanda. In ka ji cikinta fanko, gara ta cinye ta. A sake wata.

4. Indararo. A share shi, a ga yana zuba ruwa nesa da bango.

5. Salga. A duba ko bakinta ya fara ruftawa.

6. Hanyar ruwa. A Buza da Keita ruwa yana gangarowa daga duwatsu da ƙarfi. A kwarin Majiya da kwarin Tarka na Madawa yakan kwanta. Ku tuna daminar 2024: gidajen laka dubbai sun zube a Nijar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Mai saye na yau zai tambaye ka inda ruwa ke bi.

Abin da ba ka iya gyarawa, ka faɗe shi gaban shaidu. Kada ka rufe babbar tsaga da sabon yaɓe don a ga gida ya yi kyau. Ɓoye aibi zamba ce, kuma shari'a ta ba mai saye damar maido maka gidanka ya karɓi kuɗinsa.

Saura takarda. In gidan gado ne, sai duk magada sun yarda, maza da mata, har wanda ya tafi bida. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo. A ƙauye maigari ne shugaban kwamitin: ka je wurinsa a rubuta takardar sayarwa. A cikin gari kuwa, ka tambayi ofishin magajin gari.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.