Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Sha'anin Larduna a Wasan Kwamfuta

Daga cikin wasannin kwamfuta na dabarun mulki akwai wanda ake kira Europa Universalis IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a shekarar 2013. Mai wasa yakan ɗauki ƙasa guda ya riƙe ragamarta tun daga shekarar 1444 har zuwa 1821, kuma cikin ƙasashen da ake iya ɗauka har da Kano da Katsina da Zazzau. Taswirar wasan a yanke take lardi-lardi, kowane lardi kuwa yana ba da haraji da amfanin ƙasa da mayaƙa.

Abin da ke ɗaure wa sababbin hannu kai shi ne, babu wata fa'ida a lardi wadda ba ta goyo wahalarta ba. In mai wasa ya rage wa lardi ikon cin gashin kansa da kashi 25 cikin ɗari, haraji da mayaƙa sai su ƙaru, amma gunagunin talakawa ya hau da maki 10 har tsawon shekara 30. In kuwa ya sassauta musu, sai ƙura ta lafa, baitulmali kuma ya rame. Haka nan lardin duwatsu, raya shi akwai tsada, amma duk rundunar da ta kawo masa hari tana asarar maki 2 a kowace ƙuri'ar faɗa. Lardin noma kuwa arha gare shi wajen rayawa, sai dai ba shi da wannan kariya.

Waɗansu masu wasa suna kukan cewa an tsananta, wai kamata ya yi a bar ƙwararre ya haɗa riba biyu. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Da a ce hanya ɗaya ta fi 'yar'uwarta a kowane hali, da kowa ita zai bi, daga nan kuwa zaɓi ya ƙare, tunani ma ya ƙare. Dalili ke nan da ya sa masu shirya irin waɗannan wasanni sukan koma su gyara lissafi in suka ga ma'auni ya karkata.

Saboda haka dabara ita ce a bi kowane lardi da halinsa. Inda jama'a suke addini ɗaya da al'ada ɗaya da fada, kuma hankalinsu a kwance, nan ake matsawa a karɓi haraji. Lardin da aka ci da yaƙi jiya, gara a lallashe shi, domin kashe tawaye yakan cinye fiye da abin da aka tara. Ganuwa a duwatsun kan iyaka, dukiya a filin noma. Wanda ya matsa wa larduna duka a rana ɗaya, alhali rundunarsa ba ta huta daga yaƙi ba, shi zai fi kowa sanin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.