Raddi Ga Masu Cewa Télé Sahel Bakin Gwamnati Ce

Akwai maganar da ake ta maimaitawa a Yamai, har daga bakin masu ilimi. Wai tunda gwamnati ke biyan ma'aikatan Télé Sahel da Muryar Sahel da jaridar Le Sahel, kuma majalisar ministoci ke naɗa shugabanninsu, dole su faɗi abin da mai mulki yake so a ji, wanda bai gamsu ba ya murɗa wata tasha. Iyakar hujjarsu ke nan, kome adon da suka yi mata.

Kuɗin gwamnati? Wace gwamnati ce ta zo da kuɗinta daga gida? Tun da aka kafa hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, ORTN, a 1967 daga baitulmali ake ciyar da ita, baitulmali kuwa harajin talaka ne. Bayan wannan, an ɗora wa masu amfani da wutar NIGELEC wani kaso na musamman domin gidan rediyo da talabijin, ana haɗa shi cikin takardar kuɗin wuta. Tela a Babbar Kasuwa yana biya. Mai walda a Talladjé yana biya. Ɗan adawa yana biya, haka wanda bai taɓa kunna tashar ba, kuma ba a tambayar kowa jam'iyyarsa kafin a karɓa. Haba jama'a! Ta yaya abin da kowa ya zuba wa kuɗi zai zama maƙogwaron mutum ɗaya? Da Seyni Kountché ya kifar da Shugaba Diori Hamani a 1974, Radio Niger ta koma Muryar Sahel, Le Temps du Niger ta koma Le Sahel, amma talakan da ke biya shi ne dai ya ci gaba da biya. A daren 26 ga Yuli 2023, tashar da ta saba buɗe labarunta da ayyukan Shugaba Mohamed Bazoum, a cikinta Kanal Amadou Abdramane ya sanar da kifar da shi. To wace gwamnati ce mai tashar, ta safe ko ta dare?

Batun naɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Alƙali ma hukuma ke naɗa shi, ba mai hankalin da zai ce saboda haka ya yanke hukunci yadda minista yake so.

Sai su ce ana yaƙi a Tillaberi da Diffa, dole a yi magana da murya ɗaya. Gaskiya ne ana yaƙi. Amma duk wanda ya daina yarda da labarun gidan rediyon ƙasa, jita-jitar WhatsApp zai koma, can kuwa ba mai tacewa.

Cewa 'yan adawa su je tashoshi masu zaman kansu, irin su Anfani da Ténéré, abin takaici ne. Samuwar waɗannan ba ta soke haƙƙinsu a gidan da suke biya.

Le Sahel kuwa har yau da Faransanci take fitowa, alhali a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Masu waccan magana su fara amsa wannan.