Rokar Ruwa Ta Fi Ta Albarushi Dacewa da Makarantun Karkara

A makarantun Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ɗalibi kan haddace doka ta uku ta Newton, wadda aka wallafa tun 1687, ba tare da ya ga aikinta da idonsa ba. Alhali gorar lemo ta roba, toshiya da famfon keke sun wadatar.

Akan zuba ruwa sulusin gorar, a toshe, a kifa bakinta ƙasa, a dinga ɗura mata iska. Da zarar toshiyar ta ɓalle, ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama. Idan ruwan ya yi yawa, nauyi ya danne ta. Idan ya yi kaɗan, ƙarfin ya ƙare nan take. Fikafikai uku na kwali daura da bakin, da curin laka a ƙarshen da ke duban sama, su ke hana ta katantanwa.

Malamin da ke tunanin albarushi kuwa, gara ya sake shawara. Bayan kaka, karan dawa da busasshiyar ciyawa ba sa jiran tartsatsi na biyu, balle a gefen dajin Falgore. A harba da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, nesa da wayar lantarki, yara kuma su ja da baya.