Zancen Wata: Alkawalin da jiki zai iya ɗauka

 

Yau zan fara da tona ma kaina asiri. Bara a watan Janairu, muna zaune gindin rediyo nan Gidan Amumune, an gama kokowar takobi, jini ya ɗebe mu. Ni da samari 7 na ajin yaƙi da jahilci muka yi alkawali: kullum da asuba gudun kilomita 10. Mun yi kwana 6. Ran na 7 gwiwata ta kumbura. Kafin ƙarshen wata babu mai fita ko ɗaya. Muka koma fada, muka kama shan shayi har ruwa ya sauka.

Sakamako ya zo ga noman farko. Kwana 3 ina riƙe da hauya, bayana ya ƙage, numfashi ya gaza. Sai da na ɗauki ɗan barema da kuɗin da na aje don takin zamani. Kun ga ke nan zaman rani ba banza yake wucewa ba, rumbu ne yake biyan bashinsa.

Laifin wa? Ba ragwanci ne kawai ba. Mun ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyanmu. Kantu na Maraɗi, da ya ci takobin farko a Tawa a 1975, da Isaka Isaka na Doso, da ya ci na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, ba dare ɗaya suka zama ƙarfafa ba. Ɗan kokowa daga filin gari yake farawa. Mu ko muka so mu fara daga inda suka ƙare.

To mi ya kamata? Hukumar lafiya ta duniya, wadda ake ce ma OMS, ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ɗaliban lissafi, ku raba 150 gida 5. Minti 30 ke nan, kwana 5 a mako. Ba dole sai gudu ba. Tafiya mai sauri ta isa, irin wadda za ka ji zufa amma kana iya magana da abokin tafiya. Wannan yana taimakon zuciya, yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari.

Makiyayi mai bin bisashe, da mace mai daka da jan guga, sun riga sun cika nasu har da ƙari. Maganata da mu ce, mazauna inuwa daga kaka zuwa shuka.

Ga abin da muka shirya bana:

1. Mako 2 na farko, minti 15 kawai. Bayan nan a ƙara minti 5 kowane mako har a kai 30.

2. A haɗa tafiyar da aiki. Kai taki gona a ƙafa, sassabe, gyaran darni, duk suna cikin lissafi.

3. Kowa ya samu aboki guda. Mai jiran ka bakin ƙofa ya fi agogo tada mutum.

4. Kowa ya ja layi 7 cikin kayensa, ya rubuta sunayen ranaku. Ranar da ya fita ya sa alama. Ga motsa jiki, ga bitar rubutu.

5. Wanda ya yi fashin kwana 1 ko 2 kada ya ce alkawali ya ɓaci. Gobe ya fita. Bara nan ne muka faɗi.

Da bazara a fita da sanyin asuba, a sha ruwa. Cikin azumi a bari sai bayan shan ruwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya, ya tafi gidan likita a auna shi kafin ya ci gaba.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ni dai kayena yana nan aji, kowa na iya dubawa. Ajujuwan Mayahi da Tasawa, ku rubuto mana yadda kuka yi. Noman farko shi zai raba mu gardama.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.